Yadda Ake Zaɓar Sabar Modem ta Haɗaka Don Kiran Waje Daga Netwok ɗin Ofis

Tambayar yadda za a zaɓi sabar da za ta raba 'yan modem tsakanin ma'aikata ta yawaita daga masu kula da kwamfutocin ofis, kuma kusan kullum siffarta ɗaya ce. Akwai wata na'ura can nesa da ba a kai mata sai ta bugun waya: rautar wani reshe da ake son shiga idan intanet ɗinsu ya yanke, tsohuwar na'urar rarraba kira, mitar wuta, na'urar auna mai a tankin gidan mai, ko injin faks na wani abokin hulɗa da har yau bai yarda da imel ba. Mutum goma ko ashirin ne ke buƙatar kiran, amma ba a lokaci guda ba. A saya wa kowane tebur modem da layi ɓarnar kuɗi ce. Abin da ake yi shi ne a tara 'yan modem wuri ɗaya a rataya su a netwok, mai buƙata ya ari ɗaya ya kira, in ya gama ya saki.

Ka bi matakan nan yadda suka zo. Akwatin sabar shi ne abin da ido ke fara zuwa kansa, amma bai kamata ka biya kuɗinsa ba sai ka gama da manhaja da layi.

1. Rubuta abin da ake kira da abin da ake kiransa da shi

Ɗauki takarda ka zaga tebur-tebur. Kada ka tsaya a kan abin da shugaban sashe ya gaya maka, je wurin masu bugawa da hannunsu. Ga kowane aiki rubuta lambar da ake kira, irin na'urar da ke amsawa a can, sau nawa ake kira a rana, minti nawa kiran ke ci, da sunan manhajar da ake amfani da ita.

Sunan manhajar ya fi sauran nauyi, domin manhajojin ba hanya ɗaya suke bi ba. Wasu suna buɗe kafar COM, wato kafar siriyal ta kwamfuta, kai tsaye su aika umarnin AT, harshen da modem ke ji, da kansu; haka Tera Term da PuTTY suke, haka ma yawancin manhajojin da ke zuwa tare da mita ko na'urar ƙararrawa. Wasu sai ta tsarin TAPI na Windows suke bi, wato dole modem ɗin ya bayyana a jerin modem da Windows ya sani. Kaɗan daga ciki kuma suna karɓar adireshin IP da lambar kafa kai tsaye, kuma waɗannan ba za su ba ka wahala ba.

Gargaɗi: buɗe saitin kowace tsohuwar manhaja ka ga lambobin COM da take yarda da su. Akwai waɗanda ba su san komai ba bayan COM4. Idan sabar ta ba ka COM12, irin wannan manhaja ba za ta ma gan shi ba.

Kafin ka bar wannan mataki, bi jerin da jan biro. Duk na'urar da ke da kafar netwok, ko wadda za a iya sa mata ƙaramar rauta mai sim a shiga ta VPN, cire ta. Sau da yawa jerin yakan ragu har ka ga modem biyu sun wadatar inda ake maganar takwas.

2. Tabbatar kana da layin da modem zai iya bi

Nan ne aikin ya fi rushewa a wajenmu. Modem sauti yake aikawa, kuma yana son layin da zai kai sautin yadda yake, ba tare da an matse shi ba. A Najeriya, tun durƙushewar NITEL, wadda aka miƙa kadarorinta ga NATCOM a 2015, layin tagulla na gaske ya zama abin nema. A Nijar da Kamaru kamfanonin gwamnati, Niger Telecoms da Camtel, su ne aka sani da wayar girke. Ko a ina kake, tambayar da za ka yi wa mai ba ka layi ita ce: layin nan analog ne tun daga bango har gidan waya, ko a hanya yana komawa intanet?

Idan analog ne na gaske, ka huta. Sa wayar tebur ta gargajiya ka saurara: sautin layi ya fito tsaf, babu ƙara, babu tsatsa. Ƙarar da kunnenka zai jure, modem ba zai jure ba.

Idan ta na'urar rarraba kira ta ofis za ka bi, wato PBX, nemi mai kula da ita ya ba ka kafar analog, irin wadda ake sa wa faks. Gargaɗi mai tsada: kada ka soka modem a kafar dijital, wadda wayoyin nan masu allo da maɓallai da yawa ke amfani da ita. Ramin soket ɗin iri ɗaya ne, amma wutar da ke ciki tana iya ƙone modem. Ka kuma sa a kashe sautin jiran kira a wannan kafa, domin ƙaramin "tit" ɗin da ke sanar da kai wani yana kira ya isa ya yanke haɗi. A na'urorin Panasonic da suka cika ofisoshinmu akwai saiti na musamman don wannan, sunansa Data Line Security. Lambar fita waje, 9 ko 0, za ta shiga gaban kowace lamba tare da waƙafi, misali ATDT9, sannan lambar. Waƙafin yana sa modem ya dakata daƙiƙa biyu.

Idan layin na intanet ne, irin wanda ke fitowa daga ƙaramin akwati mai kafar waya, to da sharaɗi. Dole a sa shi a kan G.711, tsarin ɗaukar murya da ba ya matse ta sosai, daga farko har ƙarshe, a kashe saitin da ke datse shiru, da mai kashe amsa-kuwwa idan akwatin ya yarda. G.729 yana matse murya sosai, sautin modem ba ya tsira a cikinsa. Ko da G.711 ɗin, kada ka sa rai da gudu; a kan bit 9,600 ko 14,400 a daƙiƙa ne haɗin ya fi zama. Faks yana da tasa hanyar, T.38, amma ita ba ta ɗaukar kiran bayanai.

Wayar tebur mai sim, ko akwatin sim mai kafar waya a baya, ka manta da su. Hanyar murya ta GSM ba ta kai sautin modem. Abin da ke aiki ta sim shi ne CSD, wato kiran bayanai na GSM, mai gudun 9,600 a kan 2G, kuma yana buƙatar modem na GSM da sim ɗin da kamfanin waya ya buɗe wa wannan hidima. Kada ka gina komai a kai sai kamfanin ya tabbatar maka a rubuce cewa yana bayarwa.

Duk tambayoyin nan ka maimaita su ga ɗaya ɓangaren. Layinka yana iya zama garau, amma reshen da kake kira an mayar da nasu kan intanet ba wanda ya gaya maka.

3. Lissafa modem nawa

Ba yawan ma'aikata ake dubawa ba, sa'ar da ta fi cunkoso ake dubawa. Daga takardarka, tara mintocin duk kiran da ake yi a wannan sa'a ka raba da 60. A ce kira 12 ne, kowanne minti 5. Minti 60 ke nan, wato nauyin layi ɗaya cur. Mutum zai ce ai layi ɗaya ya isa. Bai isa ba, domin kira ba ya zuwa a jere. Da lissafin Erlang B, wanda kamfanonin waya ke amfani da shi, a wannan nauyi layi ɗaya zai mayar da rabin masu kira. Layi biyu za su mayar da ɗaya cikin 5, uku ɗaya cikin 16, huɗu kuma kusan ɗaya cikin 65. Ga yawancin ofisoshi uku sun yi. Idan kiran na gaggawa ne, irin na shiga rautar da ta faɗi, ɗauki huɗu, ko ka ware ɗaya da ba mai taɓa shi sai masu gyara.

Kiran da manhaja ke yi da kanta, kamar karanta mita, mayar da shi tsakar dare. Ya fita daga lissafin ke nan.

Batun gudu kuma: 56K da ke rubuce a kwali yana samuwa ne kawai idan ɗaya ɓangaren dijital ne, irin na masu ba da intanet a da. Tsakanin modem biyu na analog iyakarka 33,600, kuma a wannan gudu fayil mai megabait ɗaya yana cin kusan minti huɗu. Da wannan za ka auna tsawon kira.

4. Zaɓi irin sabar

Kafin sunan kamfani, akwai bambanci ɗaya da mai sayarwa ba lallai ya faɗa maka ba. Wata sabar tana ɗaure kowace kafar COM da modem guda: COM3 na wane kullum modem na ɗaya ne. Wata kuma tana riƙe su a garke: kowa adireshi ɗaya yake bugawa, ita ta duba wanda ba ya aiki ta miƙa masa. Kamar shagon aski ne mai kujera huɗu. Idan kowa da wanzaminsa, sai ka ga mutum uku na jiran kujera ɗaya alhali uku babu kowa. Lissafin mataki na 3 yana aiki ne kawai idan garke ne. A littafin na'ura ka nemi kalmomin hunt group, rotary ko modem pool. Idan babu ko ɗaya, ka ɗauka ɗauri ne.

Hanyoyi uku ne a gabanka.

Ta farko, akwatin da ke haɗa kafofin siriyal da netwok, irin su Moxa NPort, Digi PortServer, Perle IOLAN da na Lantronix. Suna zuwa daga mai kafa ɗaya zuwa mai 16 ko fiye, kai ne za ka rataya musu modem na waje. Ba su da faifai, ba sa cin wuta, suna tashi da kansu bayan an ɗauke wuta an kawo. Kowanne da direbansa: Real COM na Moxa, RealPort na Digi, TruePort na Perle. Direbobin nan a asali ɗauri suke yi. Garke kuma wasu samfura suna da shi, wasu ba su da shi, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Sa mai sayarwa ya nuna maka shafin da idonka. Gargaɗi: wasu akwatunan suna barin kwamfuta fiye da ɗaya ta buɗe kafa guda a lokaci ɗaya. Ga modem wannan masifa ce, umarnin mutum biyu zai cakuɗe. Bar saitin a kan ɗaya.

Ta biyu, rautar Cisco mai katin modem, kamar WIC-2AM mai biyu ko NM-8AM da NM-16AM. A nan garke abu ne mai sauƙi: ka sa layukan a rukuni da umarnin rotary 1, sai duk wanda ya buga kafa 3001 ta telnet ya samu wanda ke zaune, ko 7001 idan bayanan ba rubutu zalla ba ne. Kowane layi shi kaɗai kuma yana kan 2000 a tara da lambarsa, abin da ke taimakawa wajen gano wanda ya lalace. Katunan nan tsofaffi ne, a kasuwar na-hannu ake samunsu. Idan babu wanda ya iya Cisco a ofis, kada ka fara koyo a kan wannan. Inda buƙata ta wuce layi goma sha wani abu, layin dijital na E1 guda mai tashoshi 30 da saba mai modem na dijital, irin jerin AS5300, ya fi tarin wayoyi tsafta. Gargaɗi ga mai sayen tokumbo: kayan da suka fito daga Amurka sau da yawa katin T1 ne a ciki, mu kuwa E1 ake ba mu.

Ta uku, kwamfuta da manhaja. A Windows akwai irin su NetModem na PCMicro, wanda don wannan aiki aka yi shi. A Linux akwai ser2net, kyauta ne, yana jin ƙa'idar RFC 2217 (bayaninta yana mataki na 5), kuma yana da saitin rotator da ke zagaya jerin kafofi har ya samu wadda ba kowa. Za ka buƙaci katin siriyal mai kafa da yawa. Idan adaftar USB za ka yi amfani da ita a Linux, kira kowace da sunanta na cikin /dev/serial/by-id, domin ttyUSB0 na yau yana iya zama ttyUSB1 bayan an sake kunnawa. Lahanin wannan hanya shi ne ka ƙara wa kanka kwamfuta guda da za ka riƙa sabuntawa, wadda kuma wani zai iya kashewa ranar Juma'a da yamma don tsimin wuta.

Kuskuren da ake yawan yi a nan: a ɗauka hidimar Routing and Remote Access ta Windows Server za ta yi. Ita aikinta karɓar masu shigowa ne da haɗa netwok da netwok. Ba ta ba manhajar da ke kan teburin ma'aikaci kafar COM.

A ganina, ofis mai buƙatar modem biyu zuwa takwas ya ɗauki akwatin siriyal mai garke da RFC 2217. Linux ya dace da inda akwai mai riƙe shi kuma ba ya shirin barin aiki.

5. Manhajar da za ta zauna a kan kwamfutocin ma'aikata

Windows ba ya zuwa da abin da zai mayar da modem na kan netwok ya zama kafar COM. Sai ka sa manhajar da ke ƙirƙirar kafar ta boge ta riƙa tura komai zuwa sabar. Ko dai direban kamfanin da ya ƙera akwatin, ko ta wani daban kamar DialOut/EZ ta Tactical Software, wadda aka yi musamman don garken modem.

Abin da za ka dage a kai shi ne RFC 2217, ƙa'idar da ta fito a 1997. Da ita ne kwamfuta ke iya gaya wa sabar gudun kafa, ta ɗaga ko ta sauke DTR, alamar da ke sa modem ya ajiye waya idan an sauke ta, ta kuma ji lokacin da DCD, alamar cewa haɗi yana nan, ya faɗi. Idan TCP tsura aka yi amfani da shi, haruffa za su wuce amma waɗannan alamomi ba za su wuce ba. Sakamakon: kira ya yanke manhaja ba ta sani ba, ko ma'aikaci ya rufe manhaja layi yana nan a buɗe kuɗi na tafiya.

Duba abu uku kafin ka yarda. Tana shiga irin Windows ɗin da kuke da shi, 64-bit, ba tare da an kashe Secure Boot ba? Na kyauta irin com0com sukan maƙale a nan saboda sa hannun direba. Idan ma'aikata ta Remote Desktop ko Citrix suke aiki, tana ba kowane zama tasa kafar? Sannan idan faks ne, modem da manhajar suna jin tsarin umarnin faks na Class 2 ko 2.0? Class 1 ya dogara da kwamfuta ta amsa cikin ƙiftawar ido, kuma ɗan jinkirin netwok ya isa ya ɓata shafi.

Idan akwai katangar tsaro tsakanin ma'aikata da sabar, buɗe kafofin da suka dace kawai. RealPort yana kan 771, Real COM yana farawa daga 950 da 966.

6. Modem da kebul

Sayi modem na waje mai kafar siriyal, wanda ke da ƙwaƙwalwarsa a ciki, irin USRobotics Courier ko USR5686, ko MultiModem ZBA na MultiTech. Ƙananan modem masu arha da suka dogara da direban Windows su yi musu aiki ba sa tafiya da akwatin siriyal ko kaɗan. Duka su zama samfuri ɗaya. A garke ba ka san wanda zai faɗo maka ba, kuma umarnin da ke nufin abu kaza a wannan kamfani yana nufin wani abu a wancan: &K3 a yawancin modem saitin kwararar bayanai ne, a USRobotics kuwa harafin &K na matse bayanai ne. Sayi ɗaya na ajiya tun yanzu.

Kebul kuma, miƙaƙƙe ake so tsakanin saba da modem, mai dukkan wayoyin alama, ba mai waya uku ba. Wanda ake kira null modem na haɗa kwamfuta biyu ne, a ido ba ka bambance su. Inda kafar akwatin RJ45 ce, tsarin filoli ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Kebul ɗin Cisco ba zai yi a Moxa ba ko da ya shige ƙwas. Sayi na kamfanin, ko ka haɗa da kanka daga zanen da ke littafin. Kada tsawonsa ya wuce mita 15.

Saita kowane modem sau ɗaya ka adana. Ga USRobotics: AT&F1 don kwararar RTS/CTS, wato wayoyin da ke cewa a dakata ko a ci gaba da aiko bayanai, &B1 don gudun kafa ya tsaya wuri ɗaya, &C1 da &D2 don DCD da DTR su yi aikinsu, S0=0 don kada ya amsa kira, sannan &W0. Kafar sabar ta zauna a 115,200. Duba ƙananan makunnan da ke jikinsa, domin suna iya rinjayar abin da ka adana. Yadda suke fitowa daga kamfani, na 3 da na 5 da na 8 ne a ƙasa.

7. Wuta da tsawa

Juya adaftar kowane modem ka karanta. Na Amurka 120 ne, wutarmu 230, kuma da yawa daga cikin adaftocin nan ba sa daidaita kansu. Soka ɗaya, hayaƙi. Sabar da modem da suwic ɗin da suke kai duk su hau UPS, domin 'yan daƙiƙun da ake yi kafin janareta ya ɗauka sun isa su yanke kowane kira. Layin da ya shigo daga waje kuma a sa masa abin kariya na layin waya, a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata. Da damina tsawa takan biyo ta wayar tarho, ta ci modem, ta bi kebul ta ci kafar sabar.

8. Lissafin kuɗi

Yi lissafin shekara uku, ba na ranar saye ba. Abubuwan da ake biya sau ɗaya su ne akwatin, modem har da na ajiya, kebul, kariyar layi, katin analog idan PBX ɗinku ya cika, da kuɗin jigila da na kwastan, tunda galibin kayan da dala ake sayo su. Na wata-wata su ne hayar layi da kuɗin kira, kuma su ne ke cinye kasafin a ƙarshe. Shi ya sa layi ɗaya da ka rage a mataki na 3 ya fi duk ragin da za ka samu wurin ɗan kasuwa.

Lasisin manhaja shi ne ke zuwa ba zato. Tambayi yadda ake ƙirga shi: da yawan kwamfutoci ne, ko da yawan kafofin da ke aiki a lokaci guda? Ofis mai kwamfuta 20 da modem 4, a tsari na farko lasisi 20 ne, a na biyu 4. Direban kamfanin akwati yawanci kyauta ne, to amma idan ba ya garke, ka koma gidan jiya.

Kayan na-hannu ba laifi ga modem, muddin an gwada a gabanka. Ga akwatin sabar, shiga shafin kamfanin ka ga ko har yanzu suna fitar masa da direba da sabuntawa. A Najeriya ka kuma tambayi dillali ko samfurin yana da amincewar hukumar sadarwa ta NCC.

9. Gwada kafin ka biya

Nemi aron akwati ɗaya ko manhajar gwaji, ka bi wannan jeri ba tsallake.

Fara da modem a jikin kwamfuta kai tsaye, babu saba. Buɗe Tera Term, rubuta AT, ka ga OK. Kira ainihin na'urar da ke can nesa da ainihin layin da za a yi amfani da shi. Idan ya ce NO DIALTONE alhali wayar tebur tana jin layi, sautin PBX ɗin ne bai gane ba. ATX3 zai sa ya buga ba tare da jiran sautin ba. Idan a nan ma bai haɗu ba, laifin ba na saba ba ne, koma mataki na 2.

Sai ka mayar da shi kan sabar ka maimaita da kafar boge, sannan da manhajar aikin ta gaske. Aika babban fayil, ba gaisuwa kawai ba. Idan ƙananan saƙonni na wucewa amma babba yana tsayawa a tsakiya, kwararar RTS/CTS ce ba ta daidaita ba, ko kebul ɗin bai cika waya ba.

Yanzu gwajin garke. Idan modem uku ne, tsayar da mutum huɗu su kira tare. Uku su samu, na huɗu ya ga saƙo bayyananne cewa babu wuri, ba manhaja ta daskare ba. Kashe modem na ɗaya ka sake: sabar ta tsallake shi, ko tana ta miƙa wa mutane gawa?

Na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Ana tsakiyar kira, zare kebul ɗin netwok daga bayan kwamfutar, ka koma gaban modem ka zuba wa fitilunsa ido da agogo a hannu. Fitilar TR, wato ta DTR, ya kamata ta mutu, CD ta DCD ta bi ta, OH ma ta mutu, alamar ya ajiye waya. Idan minti biyar sun wuce suna nan a kunne, sabar ba ta gane mai kira ya ɓace ba. Nemi saitin duba rayuwar haɗin TCP ka rage shi zuwa minti ɗaya ko biyu. Idan akwatin ba shi da wannan saiti, mayar wa mai shi.

10. Kulle ƙofa kafin ka sanar da ma'aikata

Modem hanya ce da ke fita daga ofis ba ta bi ta katangar tsaro ba. Canja kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita tun kafin ka sa shi a netwok. Ba shi adireshin IP tsayayye a wani yanki na daban, ka rubuta jerin kwamfutocin da kawai aka yarda su kai gare shi. Kada ka taɓa buɗe kafofinsa ga intanet. Telnet ba ya ɓoye komai, har kalmar sirrin rautar da ake shiga a fili take tafiya. Mai aiki daga gida ya shigo ta VPN tukuna. Idan akwatin yana da TLS, mai ɓoye bayanai a hanya, kuma manhajar kwamfutocin tana jin sa, kunna.

A PBX ko wurin mai ba da layi, rufe kiran ƙasashen waje da lambobin tsada a kan layukan modem. In da hali, a bar lambobin da ke takardarka ta mataki na 1 kawai. Sa wa'adin zaman banza, minti 10 ko 15, don wanda ya bar Tera Term a buɗe ya tafi sallar Azahar kada ya riƙe modem har La'asar. Amma ka tambayi masu dogon aiki tukuna, domin akwai na'urorin da ke yin shiru na wani lokaci suna haɗa rahoto, kuma wa'adi gajere zai yanke su.

Manna takarda a jikin kowane modem mai ɗauke da lambar kafarsa, lambar layinsa da umarnin saitinsa. Tura rajistar sabar zuwa wata kwamfuta ta syslog, ka daidaita agogonta da NTP, domin ƙananan akwatuna da yawa suna manta rajista da lokaci idan wuta ta ɗauke. Idan takardar kuɗin waya ta zo ƙarshen wata, ɗora ta kusa da rajistar ka bi layi-layi: duk kiran da ke takardar amma babu shi a rajista, wani ne ya soka waya a layin ta wata hanya.